Ɗan Lelen Mai Wanki

A shagon wanki da guga akwai wani mutum mai ƙaton tumbi da siraran yatsu, yana ninke riguna kamar mai lallaɓa jariri. Bayansa wani farin inji ne ke huci, yana fesa iskar ozon mai kashe warin tufafi. A gindin injin an jibge ledojin naɗe kaya.

Ya zaro ɗaya ya ja. Maimakon ta miƙe, sai ta dare kamar ɓawon albasa.

"Masu leda sun lalace," in ji shi.

Matarsa na guga, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Baban yara, ta ɗakin baya ma tasu ce, lafiyarta ƙalau. Ɗan lelen nan naka ne ke cinye ta."

"Inji ne fa, ba akuya ba!"

Ni da na zo karɓar kayana, ina zargin ya riga ta ganewa. Yadda yake shafa injin, shafar wanda aka hana saye ce, ya yi kunnen ƙashi ya sayo. Yanzu ga shi yana fito, idonsa a rufe, ƙafarsa na tura ledojin nesa da injin a hankali.

"Ƙara turawa," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Har ɗakin baya."