Zangon da Kaka Goni Ya Kafa Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, shida ga Mayu, 2025, bayan azahar, Allah ya karɓi ran kakana Alhaji Goni mai shanu, a gidansa da ke Yelwa, nan Garwa. Ranar sadakar uku Kawu Taufiƙ ya ce kowane jika ya faɗi wani abu. Da aka zo kaina sai na yi ta kallon tabarma har aka wuce ni. Shi ya sa na rubuta.

Kaka, manya sun faɗi rijiyar da ka haƙa da marayun da ka riƙe. Ni abin da na sani shi ne akwatin wifi.

An kawo ni wurinka saboda lekol, wato makarantar boko, Mama tana can Kusiri. Ita ce 'yarka ta fari, don haka ba ka kiran sunanta, ba ka kuma karɓar wayarta. Sai dai kullum da yamma ka tambaye ni, idonka a wani wuri: “Me waccan ta Kusiri ta ce?”

Da Kawu ya sayo akwatin, Dimitri mai gyaran waya ya zo haɗawa. Ya ce a sa shi a tsakiyar gida, a sama, a sarari, nesa da ƙarfe. Ka ce, “Abu mai daraja a tsakar gida? Turmi ne?” Ka kulle shi a kabad ɗin ƙarfe tare da maganin shanu. Rezo, wato sabis ɗin intanet, bai fito ko bakin ƙofa ba. Ka ce an sayar wa Kawu marar lafiya.

Da ƙyar ka yarda aka ɗora shi a tagar zaure mai kallon titi. Cikin gida shiru, saboda katangunmu na ƙasa ne masu kauri. Amma 'yan moton Yelwa, masu acaɓa, sun ji daɗi. Wani jikanka ya ba ɗayansu kod, kalmar sirrin shiga, kafin Juma'a sun mayar da ƙofar gidanmu tasha. Kai kuwa kana ta amsa gaisuwa, kana cewa yaran bana sun fara ladabi. Da ka gane, ka kira Dimitri a canza kod. Ya ce, “Alhaji, zaɓi kalmar da ba wanda zai taɓa ji a bakinka.” Sai ka rubuta a ƙasa da sandarka, da ajami. Dimitri bai iya ajami ba, sai aka kira ni na raɗa masa. Ka share da ƙafa. Tun ranar duk mai son kod ni ke buga masa a waya, mutane kuma suka ce rowa ce.

To, zaure cike yake da dillalan shanu, ni kuwa ko gaishe su ba na iya yi. In zan kira Mama sai in raɓe a bayan zaure kusa da tankin ruwa, inda sandar rezo ɗaya ke fitowa a waya in an ɗaga hannu. Fuskarta takan daskare a bidiyon baki buɗe. Wata rana ina da maganar da yarinya ba ta faɗa wa kowa sai uwarta. Na fara ke nan sai wani dillali ya leƙo ta taga ya ce, “A gaishe ta! A ce mata naman Kusiri ba ya kai namu!” Na kashe wayar. Daga ranar na daina kira.

Kai ka fara ganewa, don labarin Kusiri ya yanke maka. Ba ka yi mini faɗa ba. Washegari na fito na same ka a tsakar gida da akwatin a hammata, Dimitri yana binka da waya mai tsawo yana kiran sunan Allah da Faransanci.

“Hajiya Shiru,” ka ce, “shiga ɗakinki ki riƙa faɗa mini sanda nawa.”

Ka ɗora shi kan firji. Na ce babu. Ka ce, “Me ta ce?” Ka ɗora kan rumbu. Na ce babu. Ka ce, “Yarinyar nan ita ma rezonta sanda ɗaya ne.” Daga ƙarshe aka rataye shi a reshen mangwaro, kuma a nan rabin gida ya samu, har Inna Halime, matar Kawu, ta yi guɗa. Amma damina ce. Da hadari ya haɗo sai ka kife masa tukunyar dalma, ta biki. Rezo ya mutu, Inna Halime kuma ta yini tana neman tukunyarta, tana zargin maƙwabta.

Aka mayar da shi ƙarƙashin barandar tsakiya, inda Dimitri ya nuna tun farko. Kowa ya samu sai ni, don ɗakina na can ƙurya bayan kicin. Dimitri ya ce sai an ƙaro ƙaramin akwati mai karɓa ya miƙa gaba, a sa shi a rabin hanya. Ka sayo, amma ka ce wanda ke jin ƙishi shi ake kai wa ruwa. Ka kafa shi a kan gadona. Fitilarsa ta yi ja, ta zauna a ja. Ka yi kwanaki ba ka yi wa Dimitri magana.

Ran nan ka dawo daga kasuwar shanu ta Adumri kana murmushi. Ka ce, “Na gano. Wa ya taɓa koro garke daga Mayo-Ulo zuwa Garwa bai ya da zango ba? Kuma zango inda ruwa yake ake yinsa, ba inda ya ƙare ba.” Ka sa aka buga ƙusa a saman ƙofar lungun kicin, inda ake hango baranda, ake kuma hango ƙofata. Aka rataye ƙaramin akwatin, fitila ta koma kore. Na ce, “Huɗu!” Ka ce tun da aka haife ni ranar ka fara jin muryata.

Dimitri ya ce, “Alhaji, ai abin da na faɗa ke nan.”

Ka ce, “Da Faransanci ka faɗa, ɗana. Da ka ce zango.”

Na rufe ƙofa na yi wa Mama maganata har ƙarshe. Ba ka taɓa tsayawa kusa in ina waya ba, sai sau ɗaya. Ka zo wucewa, ka kalli bango, ka ce, “A gaya wa waccan ta rame. Ta riƙa ci.” Mama ta ja mayafi ta rufe fuska, tana dariya a ciki.

Ranar Talatar nan Kawu ya kasa kira, mata suna kuka, sai aka ce ni Hamida in kira uwata. Na shiga ɗaki. Sau nawa na roƙi Allah kada rezo ya yanke, ranar na roƙa ya yanke. Bai yanke ba. Ta ji komai sarai. Da ta iya magana sai ta ce, “Har ya tafi ban taɓa jin ya kira sunana ba.”

Na ce, “Mama, ya rubuta shi. Duk wayar da ke gidan nan da SALAMATU take shiga.”

A zaman makoki mutane da yawa sun shafa fatiha, sannan suka matso suna raɗa mini, “Kod fa?” Na buga musu, na san da kana nan da ka ce a fara ba su ruwa. 'Yan moto kuma kada ku wahalar da kanku, Kawu ya ƙara lambobi a baya. Sunan dai Mama ta ce a bar shi.

Ina yi wa Mama, da Kawu Taufiƙ, da Inna Halime, da abokanka na kasuwa ta'aziyya, har da Dimitri, wanda ya yi kuka a bakin zaure. Allah ya ba mu haƙuri. Allah ya jiƙanka, Kaka, ya yafe maka, ya yalwata kabarinka, ya sa shi zango ne mai ruwa da inuwa kafin Aljanna. Amin.

Jikarka, Hamida