Abin da Ke Cikin Tankin Darakta

Har yau ban manta da safiyar da aka kawo Fijo 504 ta Darakta garejinmu ba. Zamanin soja ne, cikin shekarun tamanin, ana tsakiyar bazara. Lokacin ina makaniki mataki na huɗu a garejin wata ma'aikatar gwamnati a nan Maiduguri.

Ku yaran yanzu ba ku san tsarin ba. Direba ba ya kawo mota kai tsaye. Sai ya kai kuka wurin jami'in sufuri, shi ya rubuta katin aiki, foman ya sa hannu, sannan a ba makaniki. Kafin takarda ta gama yawo, motar da ta fara da tari ta kai gargara. Amma wannan ta Darakta ce, katin ma ya riga ta isowa.

Ciwonta shi ne, in tana tsaye inji na kaɗawa lafiya lau. Da ka taka totur sai ta shaƙe kamar za ta mutu, sannan ta fizga kamar jakin da aka tsikara. Jiyan ranar ta yi haka a shataletale, Darakta na hakimce a baya, mai keke ya wuce su har yana waiwaye.

Direbanta Bitrus ne, mutumin wajen Biu, yana haya a Ajilari da mata da 'ya'ya reras. Fomanmu, Ba Modu, ya ja ni gefe ya ce, "Darakta ya ce Bitrus na zuƙe mai yana cikawa da kalanzir. Takardar kora na kan tebur. Kai dai ka tabbatar."

Na ce, "Ba Modu, gyara aka ce in yi ko shari'a?"

Ya ce, "Duka biyun, kuma kafin azahar."

Irin wannan ciwo, ko wuta ce ko iska ko mai. Na fara da wuta: na ciro fulogogi, na duba kwantak, ba laifi. Matatar iska ma ba ta toshe ba. Da na kwance kafireta sai ga ruwa kwance a ƙasan kofinta. Nan na san ba kalanzir ba ne, don kalanzir gauraya yake da fetur, hanci ke kama shi. Ruwa kuwa ba ya gauraya, ƙasa yake sauka, famfon mai ya zuƙo shi daidai lokacin da inji ke neman mai.

Na shiga ƙarƙashi na tsiyaye tanki a daro. Fetur a sama, a ƙasa wani ruwa baƙi-baƙi. Na dangwala na shinshina. Ƙaro da gawayi. Karatuna bai yi nisa ba, amma na wanke allo, na san tawada.

Na kira Bitrus bayan bishiyar dogon yaro na nuna masa daron. Na ce, "Kai, wa ke ba motar nan rubutu?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Yallaɓai ne. Duk Juma'a da safe, da hannunsa. Tun da ya ji za a yi canjin daraktoci."

"Ka sani, ka tsaya za a kore ka?"

"Malam Usman, ni Kirista ne. In na buɗe baki na ce rubutu ne ya ɓata mota, kafin yamma me za a ce na ce?"

Na koma kan mota. Na wanke tanki, na hure bututun mai, na canja matatar mai, na ɗaure kafireta. Na hau da ita hanyar Dala na taka, ta amsa kamar sabuwa.

Muka shiga ofishin Darakta ni da Ba Modu, da ɗan ruwan a kwalba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba kalanzir ba ne. Ga abin da na samu. Rubutu kam ba shi da laifi, amma ɗan Adam ake ba, mota ba ta da hanji."

Ya kalli kwalbar, ya kalli fanka. Can ya ce, "Wa ya yi wa motar sabis na ƙarshe?"

Na ce ni ne.

"To kai ka bar murfin tanki a sake, ruwan sama ya shiga."

Ruwan sama, a Maiduguri, a bazara, rabonmu da ɗigo tun kafin kaka. Na buɗe baki, sai Ba Modu ya taka mini ƙafa ya raɗa mini, "In ba ruwan sama ba ne, to kalanzir ne. Zaɓi ɗaya."

Na tuna 'ya'yan Bitrus. Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. An yi yayyafi."

Bitrus ya tsira da aikinsa. Ni aka ba takardar tuhuma kan sakaci, kuma ƙarin girman da nake jira a shekarar ya bi ruwan saman nan. Ba Modu ya ce in yi haƙuri, Allah na gani. Na ce ai na sani, amma ba shi ke cikin kwamitin ƙarin girma ba.

Saura Juma'a mai zuwa, don na san Darakta ba zai daina ba. Na ce wa Bitrus ya karɓi kwalbar rubutun daga hannunsa da ladabi, ya ce makaniki ya ce lagireto shi ne tumbin mota, in an zuba a nan ne magani ya fi zagaya jikinta. Lagireto dai ruwa yake sha da ma. Darakta ya ji daɗin maganar ƙwarai, har ya riƙa koya wa abokansa a matsayin dabararsa.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe. In mota ta shaƙe, ku duba wuta, ku duba iska, ku duba mai. In kun gano ciwon daga mai motar yake, kada ku kai masa a kwalba. Ku nemo masa ramin da zai zuba abinsa ba ɓarna, don babba ba ya gyaruwa, sai dai a canja masa bututu.