Ajimi, Wanda Sadakarsa Ta Sa Shi Ƙiba

A Yerwa ta wancan zamani, lokacin da garin bai daɗe da kafuwa ba, in baƙo ya koro shanu ya tambayi inda zai sauka, gidan Ajimi ake nuna masa. Ajimi fatoma ne, wato shi ke saukar da masu dabbobi, ya ba su ɗaki, ya ciyar da su, ya kai su kara, kasuwar dabbobi, ya tsaya musu har ciniki ya faɗa. Babarbare ne daga wajen Kukawa. Ya shigo gari yana saurayi, da riga ɗaya da baki mai yawan zance. Hausarsa a kasuwa ya tsince ta, kuma har ya tsufa in ransa ya ɓaci Barbarci ne ke fara fitowa.

Wanda ya koya masa shanu wani Bafulatani ne mai suna Mukhtari, wanda ya jingine sandar kiwo ya zauna a gari yana dillanci. Gidajensu zana ce kawai ta raba su. Mukhtari ya rasu ya bar matarsa, wadda kowa ke kira Inno, ya kuma bar wa Ajimi ido. Daga nesa Ajimi zai dubi saniya ya gaya maka tana da ciki ko ba ta da shi, ta sha tafiya ko hutawa ta yi.

Abu na biyu da aka san shi da shi tumbi ne. Shi da kansa yake fara tsokanar abinsa. Yakan shafa shi ya ce, "Wannan shi ne babban baƙona. Tun da ya sauka bai yi sallama ba."

To, mu mutanen nan muna da wata al'ada, da mu da ita Allah ya shirya mu. Mai gida dole ya kawo wa baƙo abincin da ya fi ƙarfinsa, don kada a ce rowa. Baƙo kuma dole ya rage, don kada a ce da yunwa ya zo. Kowa ya tsare mutuncinsa, abinci ya tafi a banza. A gidan Ajimi, inda kullum ba a rasa baƙi, abin ya kai intaha. Matarsa Gumsu za ta wuni kan murhu, a fito da akusa cike da burabusko da miyar kuka da bandar kifi, a mayar mata da rabi. A yi ɗumame da safe, sauran ya yi tsami, a zuba wa awaki da jaki. Jakin Ajimi sai da ya kai in an zuba masa tuwo gaya, ya sunsuna ya kau da kai.

Ana haka sai shekarar fara ta zo. Fara ta sauka kan gero yana fitar da kai, ta tashi ta bar kara tsirara. Hatsi ya yi wuyar gani. Ajimi yana da rumbuna, kuma baƙi ba su daina zuwa ba, don mutane sayar da dabbobinsu suke yi su ci abinci. Saboda haka a gidansa ba abin da ya canza, har da jakin.

Gidan Inno kuwa ya canza. Ɗanta Suleiman ya bi garke zuwa kudu a ƙafa, shiru babu labari. Matarsa ta rasu ta bar yara uku a hannun tsohuwa. Ƙaramarsu Bintu mutuwar uwa ce ta yaye ta, ba ta da abin da cikinta ke karɓa sai nono. Duk dukiyar Mukhtari saniya ɗaya ta rage a ɗaure a bayan ɗaki.

Ajimi ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Wata rana ya ga ana juye wa jaki akushi guda, sai ya tuna da Mukhtari da iyalin da ya bari. Amma ya san Inno. Matar da ta girma a ruga, ta sha madara daga garken ubanta, in ka ce mata ga sadaka, gara ka mare ta. Sai ya yi tunani, ya yi tunani, har ya samo dabarar da ya ji a ransa babu mai irinta tun daga nan har bakin Chadi.

Ya ce, "Gumsu, ba sadaka za mu kai ba. Ciyayya za mu ƙulla. Maƙwabta ai suna aika wa juna kwano. Ki zuba a akushin nan mai kyau, ki ce ɗanɗano ne."

Gumsu ta ce, "Maigida, kwanon ciyayya fa ba ya dawowa wayam."

Ya ce, "Yo sai me? Ta sako ɗan gishiri ko daddawa, shi ke nan."

Akushi ya tafi. Da ya dawo, aka buɗe, sai ga kindirmo mai kauri da curin man shanu a tsakiya. Ajimi ya yi sannu da Barbarci, ya ce, "Wushe, Inno!" Ya sa aka dama masa fura. Kashegari ma haka. Abu ya zama kullum: saura ya ƙetare zana, nono da mai su ƙetaro. Ajimi ya riƙa narka man a kan burabusko yana lasar yatsa, yana jin daɗi biyu, ga lada ga maiƙo. Wuyansa ya ƙara ninki. A kara har yana ba sauran fatomomi shawara, wai taimako sai da hikima.

Wata la'asar yana zaune a tsakar gida da ƙwaryar fura, sai ya ji ƙarar turmi daga gidan Inno. Ya yi murmushi ya ce, "Kin ji ko? Har daka suke yi. Ashe ma ba su matsu kamar yadda na zata ba."

Gumsu ta ajiye muciya ta dube shi. Ta ce, "Maigida, kai da kake gane cikin saniya daga nesa, ba ka jin turmin nan babu komai a cikinsa? Itace ne ke dukan itace. Kullum haka take yi, ta hura wuta hayaƙi ya tashi, don kada unguwa ta san ba ta ɗora tukunya ba."

Ya ce, "To, nonon fa?"

"Saniya nawa gare ta?"

Ajimi ya dubi ƙwaryar da ke hannunsa. Ya tashi, abin da bai taɓa yi ba, ya je ya sa ido a wata kafa ta zana. Ya ga Inno tsaye tana dukan turmi. Manyan yaran biyu suna gefe suna jiran akushinsa. A kan tabarma kuwa ga Bintu kwance, wuya ya yi siriri, ko kuka ba ta yi. Kusa da ita ga ƙwaryar nonon ranar an rufe da faifai, an ajiye wa maƙwabci mai alheri.

Ya dawo ya zauna. Ya ture ƙwaryar furar gefe. Ƙaton mutum mai rumbuna, ashe abincin jaririya yake shanyewa, yana kuma jiran Allah ya rubuta masa lada. Ya zagi kansa da Barbarci, ya maimaita da Hausa don kada wani ɓangaren ya tsira.

Da ya tsaya nan ya saurari matarsa, da an huta. Amma Ajimi mutum ne da in dabara ɗaya ta kayar da shi, sai ya tashi ya hau ƙanwarta. Ya ce ai matsalar akushi ce. In aka aika a abin da ba a mayarwa, magana ta ƙare. Gumsu ta ce kada ya yi. Ya bari ta shiga ɗaki salla, ya zuba tuwo a sakaina, ya tura ta ƙarƙashin zana da hannunsa.

Ba a jima ba sakainar ta dawo ta inda ta bi, ba a taɓa ko loma ba. Muryar Inno ta biyo ta, a hankali, babu faɗa.

"Gumsu, ki gaya wa mai gidanki, mun gode, amma ba mu kiwon kare."

Daga ranar ba abin da ya sake ƙetare zana. Ciyayya ta mutu. Bintu ta samu nononta, gaskiya ne, amma yanzu saniya ɗaya ce za ta riƙe baki huɗu, ga ta ita ma ƙashin haƙarƙarinta a waje. A wancan gefe ana dukan turmi wayam, a wannan gefe ana juye wa jaki burabusko. Ajimi ya kasa zama a tsakar gidansa in la'asar ta yi.

A ƙarshe dai ya sauke kai ya ce, "Gumsu, ni nawa wayon ya ƙare. Me za a yi?"

Ta ce, "Inno ba ta iya karɓa ba, bayarwa ta iya. Ka je ka roƙe ta."

"In roƙe ta me?"

"Ta dafa wa baƙinka. Ka kai mata gero da safe, ta aiko da tuwo a akusanta. Akushi kuwa gidan mai shi yake komawa, da abin da aka rage a ciki. Wa zai kira wannan sadaka? Ka ce hannuna ke ciwo. Amma wallahi in ka ce miyata ce ba ta da daɗi, ka nemi inda za ka riƙa cin abinci."

Ajimi ya san abin da wannan ke nufi. Fatoman da gidansa ya kasa ciyar da baƙonsa, ai ya zama abin dariya a kara. Kunyar da Inno ta ƙi ɗauka, shi zai ɗauke ta a kansa ya zaga gari da ita. Ya sa babbar riga da safe, ya yi sallama a ƙofar Inno, ya durƙusa da ƙyar saboda tumbi.

Ya ce, "Inno, asirina zai tonu. Hannun Gumsu ya riƙe, baƙi sun cika gida. In ba ki rufa mini asiri ba, don darajar Mukhtari, na shiga uku."

Inno ta yi shiru tana dubansa. Shirun ya yi masa tsawo, bakinsa kuma ba ya son shiru, sai ya ƙara da cewa, "Kuma dama miyarta, baƙi suna ɗan gunaguni."

Daga bayan zana aka ji an dire tukunya da ƙarfi.

Inno ta ce, "Tashi, Ajimi. Mukhtari bai bar ka don ka ji kunya ina raye ba. Amma ni kaɗai ba zan iya dakan gidanka ba. Zan nemo masu taya ni."

Ta kuwa nemo su. Ba ta yi shawara da kowa ba, don ta san su da kunne: duk gidan da turminsa ke irin kukan nata, can ta aika. Mata suka taru a tsakar gidanta, kowace da akusanta. Baƙin Ajimi suka ci gaba da al'adarsu ta ragewa, akusa suka riƙa komawa gidajen masu su da rabin tuwo, ga ƙanzo, ga dusa ta saniya. A karo na farko tun da aka kafa garin, wannan ɗabi'a tamu ta yi wa wani amfani.

Ajimi kuwa ya sha abin da ya sha. A kara aka ce ya karye. Wasu suka ce Gumsu ta yi yaji tana cikin gida. Gumsu ta daɗe ba ta ce masa ko sannu ba saboda maganar miya, ga ta da tsumma ɗaure a hannun da lafiyarsa ƙalau, wani lokaci ma ta manta ta ɗaura a ɗayan. Shi kuma ya riga kowa yi wa kansa dariya, yana cewa shi ne fatoman da ake ciyarwa daga gidan gwauruwa.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne nasa akushin. Dokar ragewa ta baƙo ce, mai gida ba ruwansa, kuma Ajimi tun da aka haife shi bai taɓa barin loma ba. Yanzu akushinsa na Inno ne, gidanta zai koma. Sai ya riƙa ci zuwa tsakiya ya janye hannu, ya rufe da sauri kafin zuciyarsa ta karaya. Rigunansa suka yi masa yawa. Shi da jakin suka rame tare, in sun haɗa ido kowa ya kau da kai. Ladansa ɗaya, in la'asar ta yi ya zauna ya ji turmi yana amsawa da nauyi.

Damina ta zagayo, ta yi kyau, ciyawa ta fito, gero ya fara kai. Wata rana gab da magariba aka ajiye masa akushi. Ya buɗe, sai ya ga man shanu yana narkewa a kan burabusko, abin da rabonsa da gani tun ranar sakaina. Ya zaci nonon Bintu aka sake hana ta. Kafin ya yi magana, murya ta zo daga bayan zana.

"Ajimi."

"Na'am, Inno."

"Bintu ta sha nono har ta ture ƙwarya. Ga ta nan tana bin kaji. Wannan man ragowarta ne."

Ya ce, "Alhamdulillahi."

Ta ce, "Yau kada ka rage. Na gaji da ganin sawun yatsunka sun tsaya a tsakiyar tuwo kamar wanda aka kora. Kuma ka ce wa Gumsu ta kwance tsumman nan haka, hannun ya sha iska. Miyarta ma na sani, ba abin da ya same ta."

Gumsu ta fashe da dariya daga bakin murhu. Ajimi bai yi dariya ba. Ashe duk watannin nan da yake ganin ya yi wa tsohuwa wayo, ita ce take rufa masa asiri da gaske, ta bar shi da ƙaryarsa don kada ya ji kunya. Hawaye ya zubo masa, ya bi gemu. Ya so ya ce wani abu mai nauyi, irin wanda ya dace da babban mutum, amma ƙamshin man ya riga ya kai masa hanci.

Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla. Yana kuka yana ci, har ya kai ƙasan akushi, ya sa yatsa ya suɗe gefe. A ranar akushin Inno ya koma gida wayam, kuma ba wanda ya ji kunya.