Ranar da na tare ƙofar Malam

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da Juma'ar da na kori masu dubiya daga ƙofar mara lafiya a unguwar Manfuha ba.

A lokacin ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti a Riyad, a shekarun da cutar numfashin nan da ake alaƙantawa da raƙuma ta hana kowa sukuni. Ban da aikin yau da kullum, muna jarraba wata sabuwar hanyar gano cutar. Ruwa ne ja kamar zoɓo, cike da ƙwayoyin zinariya da ido ba ya gani, kowace an liƙa mata ɗan zaren da aka ƙera don ya gane ƙwayar halittar cutar. In ya same ta, sai ƙwayoyin su dunƙule, ruwan ya koma shuɗi. Gwaji ne kawai, hukuma ba ta amince da shi ba tukuna.

Akwai wani aminina, Bazazzagi, yana digirinsa na uku a fannin hadisi. Kowa Malam yake ce masa. Ya girme ni, kuma ba ya gajiya da tsokanata. "Ga maƙerin zinariyar da bai taɓa yi wa matarsa ko ɗan kunne ba," haka yake tarbata kullum. Iyalinsa sun tafi gida hutu, yana zaune shi kaɗai, sai zazzaɓi da tari suka kwantar da shi. Ran Alhamis na kai shi asibitinmu, aka ɗebi majinarsa, aka ce ya koma gida ya keɓe kansa, sakamako sai bayan hutun mako. Muna fita ya ce, "Ka zuba nawa a zoɓon naku mu gani." Na nemi izinin shugabarmu, wata likita Bamisira, ta yarda.

Ina tsaye ruwan ya fara juyawa zuwa shuɗi. Na sha ganin haka, amma a kan majinar mutanen da ban sani ba. Shugabar ta daɗe tana kallon kwalbar, sannan ta ce, "Wannan ba sakamako ba ne, ba za mu rubuta shi ba. Amma da ɗan'uwana ne, ba mai shiga wurinsa."

To, ai nan gizo ke saƙar. Labari ya riga ya zaga cewa Malam ba lafiya, kuma an shirya zuwa dubiya bayan sallar Juma'a. Wanda ya san mutanenmu ya san yadda muke dubiya. A cika ɗaki, a yi musabaha, a dafa goshi, a tofa addu'a, a sha shayi. Na buga wa wasu waya, kowa ya ce to, ni kuwa na san irin wannan to ɗin. Don haka ana sallame salla na riga kowa isa, na tsaya a bakin matakalar gidan Malam.

Suka iso da lemo da dabino, ɗalibai da direbobi. A gaba akwai wani dattijo ɗan ƙasarmu daga unguwar Gubaira, wanda ya fi mu duka daɗewa a ƙasar, ga ciwon sukari ga hawan jini.

"Baba, ku yi haƙuri, yau ba shiga."

"Mamnu'? Wai an hana? Wa ya ce? An tabbatar cutar ce?"

"Ba a tabbatar ba."

"To da me ka dogara?"

Me zan ce masa? Ruwa ya sauya launi? Na ce, "Na ga abin da ya tsorata ni, Baba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Yaro, tun ba a haife ka ba nake duba marasa lafiya. Boko ne ya koya maka raba zumunci?"

Maganar ta soke ni, don a gidanmu ba a ja da babba. Amma ban matsa ba. Suka yi addu'a a nan kan titi cikin rana, suka ajiye kayansu, suka watse, ba wanda ya yi mini sallama.

Sakamako ya fito, cutar ce. Kafin nan numfashinsa ya riga ya tsananta, an mayar da shi asibiti. Maganarmu ta ƙarshe ta waya ce, ina hango shi ta gilashi.

"Wa ya zo rannan?" ya tambaya da ƙyar.

"Kowa ya zo, Malam. Ni na kore su."

Ya yi ɗan murmushi. "Maƙeri, ka yi aiki. Ka ce musu dubiyarsu ta iso."

Bai kai wata Juma'ar ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. A cikin waɗanda na kora, ba wanda ya kamu.

A wurin ta'aziyya na isar da saƙon. Dattijon ya sunkuyar da kai, ya ce, "Da ka bar mu mun shiga, da ni zan fara dafa goshinsa."

Ranar na koyi cewa wani lokaci zumunci shi ne a tsaya a waje, kuma dole a samu wanda zai yarda a kira shi mara kunya don mutane su koma gida lafiya.