Fulawar Baba Issaka da na jefa a bola

Yau shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Baba Issaka. Duk sanda ranar ta zagayo, mukan taru mu yi masa addu'a, a tuna haƙurinsa da zumuncinsa, a watse. Ni kuwa nakan koma gida da nauyi a ƙirji, saboda wani abu da na yi wanda ban taɓa gaya wa kowa ba.

Baba mai kula da lambu ne a gidan wani attajiri a cikin Kumasi. Daga can ya zo da wata fulawa, dangin abarba, mai dogayen ganye da suka kewaye tsakiyarta kamar mazurari. Ya dasa ta a tsohon bokitin fenti, ya ajiye a gindin mangwaron gidan da muke haya a unguwar Buokrom, inda rana ba ta dukanta sosai. Ba a ƙasa yake zuba mata ruwa ba, a wannan tsakiyar yake zubawa, kuma sai ruwan sama da ya tara a duro. Duk Juma'a kafin ya tafi masallaci yakan karkata bokitin ya zubar da tsohon ruwan saboda sauro. Sauran 'yan haya suna tsokanarsa, wai ga manomin abarbar da ba a ci. Ni ma ina cikin masu dariyar, har na fi su baki. Kunyar aikinsa nake ji a lokacin. In an tambaye ni, sai in ce babana ɗan kasuwa ne a kasuwar Race Course.

Shekara huɗu yana wahala da ita kafin ta fitar da jan fure guda ɗaya tak. Bayan furen sai ta fara bushewa, lokacin shi ma ciwo ya kwantar da shi. Wata rana ya kira ni ya ce, "Hajara, irin wannan sau ɗaya take fure, daga nan mutuwa za ta yi. Amma leƙa gindinta." Na leƙa, na ga 'ya'ya uku sun tsiro. Ya ce, "A bar su jikin uwarsu sai sun yi ƙwari, sannan a raba. Na bar miki." Na ce to, hankalina yana wani wuri.

Ya rasu. Ana gobe addu'ar arba'in na shiga gyaran tsakar gida, domin dangin mijina za su zo daga Accra, kuma ina so su ga gida na mutunci. Ga rumfa, ga kujeru, ga tukwanen shinkafa, sai ga bokiti mai tsatsa da busassun ganye a tsakiya. Ban manta da maganarsa ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Na tuna sarai. Na ɗauke shi da hannuna na kai bola, ba wanda ya gan ni.

Mma Adiza, maƙwabciyarmu mai sayar da koko, ita ta tsince shi da ta je zubar da shara. Ta raba 'ya'yan, biyu suka rayu. Yanzu ta koma wajen ɗanta a Asokore Mampong, kuma bayan ɗakinta akwai gwangwani goma sha ɗaya, duk jikokin fulawar nan.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga yau. Irin fulawar da aka yi masa dariya a kanta ita ake jerawa a bakin titi ana sayarwa da tsada, ana ƙawata wurin biki da ita. Na san ba zai yi gori ba. Zai dai tsaya ya gaya wa mai sayarwa cewa rana ta yi musu yawa. Ni da ya bar wa amana kuwa, fulawar roba ce a falona.

Duk sanda na je gaishe da Mma Adiza sai ta ja ni bayan ɗaki ta nuna mini su. Kuma ba ta taɓa fasa cewa, "Wanda ya jefa fulawar Issaka a bola ba shi da imani koraa, ko ɗigo. Allah ya nuna mini shi." Tana zaton ɗaya daga cikin 'yan hayar ne. Shekara tara nake sunkuyar da kai ina cewa, "Wallahi, Mma." Sau biyu ta miƙo mini gwangwani ɗaya, na ce ba ni da wurin ajiyewa. Wuri akwai, fuskar karɓa ce babu.

Baba bai bar gida ba, bai bar fili ba. Abin da ya rage nasa mai rai yana hannun wadda ba jininsa ba, kuma ita ta cancanta. Na rubuta wannan ne don in huta, sai dai Mma Adiza ba ta karatun jarida. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga mota zuwa Asokore Mampong, in durƙusa gabanta in ce, "Mma, ni ce."