Ƙarar Da Mai Kunne Ya Rufe

Shekara ashirin da ɗaya muna rumfa ɗaya da Mai Kunne a garejinmu, katangar langa-langa ce kawai tsakaninmu, ita ma ba ta kai rufi ba. Ni ɗinkin kujerun mota nake yi. Shi kuwa aikinsa kashe ƙara. Mutum ya sayi rediyo da lasifika masu tsada, ya hau titi ya ji gurnanin taya da iska sun cinye masa kiɗan, sai a ce masa ya nemi Mai Kunne. Ni ke cire kujeru da kafet, shi kuma ya bi ƙarfen motar ya lulluɓe.

Gajere ne, mai kaurin wuya, mai saurin fushi. Gaɓoɓin yatsunsa sun yi kanta saboda ƙwanƙwasa. Yakan bi ƙofa yana bugawa da bayan yatsa, duk inda ya ji ta amsa kamar gwangwanin da ba komai a ciki sai ya sa alli. Daga nan ya yanko fallen baƙar roba mai danƙo, ya ɗumama ta, ya manna, ya bi da ƙaramar rola yana murzawa har sai iska ba ta da wurin ɓuya, sannan ya ɗora soso a kai. Bai taɓa toshe 'yan ramukan da ruwa ke fita a ƙasan ƙofa ba. Masu toshewa yakan ce sun mai da ƙofar mutane randa.

Amma ba manna roba ce ta ba shi suna ba, wannan ko ni zan iya. Doka gare shi: ba ya taɓa mota sai mai ita ya ɗauke shi sun zaga. Zai zauna a baya, ya rufe ido, ya ce a yi gudu, a rage, a sha kwana dama, a sha hagu.

"Ƙara iri biyu ce," in ji shi. "Akwai ta hanya, akwai ta ciwo. Ta hanya nake rufewa. Ta ciwo kuwa mota ce ke kuka, sai bakanike."

Na ga ranar da ya kori wani mai tumbi da ya zo da doguwar mota yana taƙama. "Ranka ya daɗe, ka kai ta a duba mata ƙafar baya tukuna. Ba na toshe bakin mara lafiya." Mutumin ya tafi yana zage-zage. Bayan kwana biyu ya dawo yana sunkuyar da kai, bakanike ya gaya masa saura ƙiris tayar ta fita.

Sai dai kowace sana'a da abin da take ci a jikin mai ita. Ni ta ci mini ido da baya. Shi in ya gama aiki sai ya shiga motar, ya rufe ƙofofi, ya ƙure kiɗa har gilashi na rawa, yana neman inda wani ɗan ƙarfe ke karkarwa. Mota uku, mota huɗu a mako, shekara da shekaru. Kunnen hagu ne ya fara tafiya. Na lura yana juyo mini da na dama in ina magana. Daga baya waya ta riƙa kuka a aljihunsa har ta gaji. A tambaye shi ƙarfe nawa, ya ce, "Lafiya lau."

Sau ɗaya na yi masa maganar. Na ce, "Malam, da ka je an duba maka kunnen nan."

Ya jefar da rola, ta bugi langa-langa. "Naka ne ya mutu. Ku ne kuke magana kamar waɗanda ba su ci abinci ba."

Da ya huce, can da rana, ya ce da ni ba tare da ya dube ni ba, "In aka ce Mai Kunne ba ya ji, me ya rage? Ko sunan ma sai na mayar."

Daga ranar na ja bakina. Na ce wa kaina tausayi ne. Ƙwanƙwasa dai ya samo mata dabara, yana ɗora tafin hagu a kan ƙarfe ya ji rawarsa a fata. Zagayen nan kuwa na san ya zama wasan kwaikwayo, ya rufe ido ne kawai ya buɗe. Na sani, kuma na yi shiru. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Yana da 'ya, autarsa, wadda yake ji da ita fiye da kowa, Auta muke ce mata. Mijinta yana kai magunguna shaguna gari-gari a wata tsohuwar ƙaramar mota, rabin rayuwarsa a kan titi take. Mutum ne mai ladabi, ba ya haɗa ido da surukinsa, kuma mayen waƙa ne. Wata safiya ya kawo motar ya durƙusa ya gaishe mu, ya ce gurnani ya hana shi jin daɗin rediyonsa. Mai Kunne ya washe baki. Ya daɗe yana son ya yi wa wannan suruki wani abu da hannunsa.

Muka fita zagaye mu uku, ni a gaba don in duba kujerar da ya ce tana girgiɗi, Mai Kunne a baya ido rufe. Da muka hau babban titi na ji ta. Wata siririyar ƙara ce daga ƙafar gaba, wuu-wuu, in ya sha kwana hagu ta ƙaru, in ya sha dama ta lafa. Shekara ashirin ina jin karatun maƙwabcina ta saman langa-langa, na san ƙarar hanya ba ruwanta da kwana. Na waiga. Fuskarsa a sake, kamar mai gyangyaɗi.

"Ta hanya ce," ya ce da muka tsaya. "Tayoyin nan naka ne masu kaushi. Bar mini ita kwana uku."

"To, Baba. Allah ya saka da alheri."

In na yi magana, na tsiraita shi a gaban mijin 'yarsa. Na ce a raina zan ja yaron gefe in ya zo ɗauka. Ranar da ya zo ina kasuwa sayen zare. Na ce zan kira shi. Gobe, jibi, har abin ya bi ruwa.

Ban taɓa ganin ya yi aiki kamar wannan ba. Ya lulluɓe ƙasan motar tun daga gaba har but, ya yi wa kowace ƙofa, ya ninka biyu a kan rumfunan taya, daidai inda kukan ke fitowa. In ka rufe ƙofar sai ka ji tim, kamar ta motar manya.

Mako biyar aka yi. Da tsakar rana, a kan miƙaƙƙen titi, boris ɗin tayar gaba, ƙarfen da take juyawa a kansa, ya ci wuta, taya ta kafe, motar ta wuntsila sau uku. Mijin Auta ya cika tun ba a kai da shi asibiti ba.

Garejinmu aka jawo abin da ya rage na motar. Bakanikenmu ya kwance ƙafar, ya fito da boris ɗin ya ƙone ya yi shuɗi, ya ɗaga mana. "Wannan ai ya yi wata yana ihu. Yaya aka yi bai ji ba?" Mai Kunne bai ji tambayar ba, amma ya ga abin da ke hannun mutumin. Ya zagaya ya leƙa cikin motar, ya shafa robar da ya manna. Ƙarfe ya lanƙwashe, gilashi ya zube, amma aikinsa ko kusurwa ɗaya bai ɗago ba.

Bai ƙara karɓar mota ba. Kullum zai zo ya buɗe rumfa, ya zauna a kan benci yana juya rola a hannu. Ya rame har wuyan nan ya zama na wani. Ni kuwa na tsani kaina, na tsani ƙarar kekena, ina ɗinki ina warwarewa.

Bayan wasu watanni Auta ta zo. Ba wanda ya gaya mata zancen boris, ita dai ta san haɗari ne. An ce mata mahaifinta ba ya cin abinci, ta zo ta lallashe shi. Ta gaishe ni, ta tsuguna a gabansa, ta yi magana a hankali.

"Baba, ka daina sa wa ranka damuwa. Marigayi yana ƙaunarka ƙwarai. Ranar haɗarin ma da safe yana yabonka, ya ce tun da ka taɓa motar ko gurnanin nan bai sake ji ba."

"Na'am?"

Ta maimaita. Ya juyo mata da kunnen dama, yana kallon leɓenta.

"Me kika ce, Auta?"

Ta ɗago ta dube ni. "Kawu, don Allah gaya masa. Zai ji daɗi."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na sunkuya na kafa baki a kunnensa, na ɗaga murya har mai faci da ke can bakin ƙofa ya juyo, na faɗa masa kalma bayan kalma.

Ya ji. Ya dubi rolar da ke hannunsa. Sannan ya ɗago, ya yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa.

"Ranar da muka fita zagaye, kana gaba. Kai ka ji tana kuka?"

Na ce, "Na ji." Na faɗa ƙasa-ƙasa, da muryar da na san ba za ta kai gare shi ba.

Yana nan yana kallon bakina yana jira. Auta ce ta miƙe tsaye a hankali, ta juyo gare ni.