Baba Maitama da Katangar Gora ta Gurbin Bore

Lokacin ɗari, da an sallame sallar Asuba a Gurbin Bore, kowa a ƙudundune yake komawa ɗaki. Ban da Baba Maitama. Shi damin karan dawa yake saɓawa, ya nufi lambun mata da ke bakin hanya, ya bi gindin gorarsa yana lulluɓewa. Ruwa kuwa ba ya ba ta sai hantsi ya ɗaga, wai ita ma ba ta son wankan sassafe.

Lambun nan shi ke ciyar da gidaje da yawa, musamman na matan da mazansu suka rasu. Amma a fili yake fetal. Duk mai babur da ya wuce sai ya wurga ido. Zanan da suka kafa iska ta kwantar, awaki suka ƙarasa. Dattawan gari suka yanke magana: in ba a kange shi ba, mata su daina zuwa. Inna Saude, shugabarsu, da hawaye ta je wajen Baba.

Da damina ta sauka, ya tono saiwar gora daga fadama, ya dasa ta kewaye da lambun. Sanyi na shigowa ganye ya kakkaɓe, sai sanduna tsirara. Tab! Ranar nan gari ya samu abin dariya, har aka laƙaba masa “mai noman sanda”. Zayyanu mai shayi ya ga ranar da samari suka zo da adduna za su yi makamashi da gorar. Baba ya sha gabansu, ya kankare kara ɗaya da farce, kore shar ya bayyana.

“Wanga icce bai mutu ba,” in ji shi. “Sanyi yaka ji kamar ku. Mai son sare shi, shi fara da ni.”

Suka mayar da addunansu. Dattawa suka yarda a jira wata damina. Ruwa na sauka gora ta yi toho, ta cika da ganye.

Kai ne, Baba, ka sha dariyar gari ba ka ajiye dami ba. Kai ne ka hana a taɓa sabon toho, ka ce tsohon kara kaɗai ake sara. Na jinjina maka, kuma wallahi ina alfahari da kai, namijin duniya!

Yau ko mai raƙumi ba ya hango cikin lambun. Gwiwa ta fara gardama, Baba ya miƙa wa matan aikin, amma saiwa kyauta yake bayarwa. Jama'ar Zurmi da Shinkafi, ku zo ku karɓa, ku dasa, ku daure mata sanyin farko. Mun gode, Baba, Allah Ya saka da Aljanna.

Jiya na gan shi tsaye a bayan gorar da ya dasa da hannunsa, yana ta sallama. Bai shiga ba sai da Inna Saude ta ce, “Bismillah, Baba.”